Wayar da Kawu Bai Gama Naɗewa Ba

A gidanmu na Filinge akwai wani tsohon gwangwanin madara da ya fi shekara talatin yana bin kaya daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ba mai amfani da shi, ba kuma wanda zuciyarsa ta ba shi ya zubar. A cikinsa akwai guntun bututun roba da bai kai taƙi ɗaya ba, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe har ya ɗan wuce rabi. Inda naɗin ya tsaya an ɗiga ƙaro an manne wayar don kada ta warware, sauranta kuma tana dunƙule a jikin wani ɗan kara. Na sha ƙirga naɗin nan: 47 ne. Mai aikin ya ce 90 zai yi. Da la'asar ya ajiye shi, ya ce sai gobe.

Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Kamar samarin Kurfai da yawa na zamaninsa, ya tafi Kurmi neman abin kansa, ya zauna a Kumasi, a can ya koyi gyaran rediyo. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice daga Gana, sai ya dawo gida cikin motar kaya, ba kuɗin kirki, sai akwatin katako cike da kayan aiki da bai yarda ya rabu da shi ba ko a hanya. Ya kafa rumfa a kasuwa. Ƙarfen da yake narka dalma da shi a kan garwashin murhun shayi yake ɗora shi, in ya yi zafi ya goge bakinsa a tsumma ya taɓa allon rediyo da shi sau ɗaya tak. Ƙamshin wannan hayaƙin ban manta ba. Ranar kasuwa, daga Cikal da Tukunus da Bonkuku har Abala ake kawo masa rediyo a nannaɗe cikin zane, kamar an ɗauko jariri zuwa asibiti.

Sai 1984 ta zo. Damina ta yi gardama, gero ya ƙone a tsaye, Najeriya ta rufe iyakarta, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari. Mu a can batir dutse muke ce masa, kuma mai neman tiyar hatsi ba ya sayen dutsen rediyo. An yi ta shanya tsofaffin duwatsu a rana, ana ƙwanƙwasa su da taɓarya ko za su ƙara kwana ɗaya, daga baya aka haƙura. Rediyoyin gari suka koma saman kwalla, an lulluɓe su da ƙyalle. Kawu ya rasa aiki, ya wuni yana korar ƙuda. A wannan zaman banzan ne ya kira mu, mu huɗu: ni, da ɗansa wanda yake taubashina, da ɗan limamin unguwarmu, da wani yaro Bazabarme daga Damana da aka kawo lakkwal yana zaune gidan maƙwabtanmu. Ya ce, "Ku taho in gwada muku rediyon da ba shi cin dutsi." Muka ɗauka wasa yake.

Kwana biyu muka yi muna warware wayar wani ƙonannen taransifoma, a hankali, don in ta harɗe ta karye. Mafi yawanta ta tafi sama: daga reshen gawon da ke bayan gida zuwa ƙoƙon rumbu, taku talatin ko fiye, kowane gefe an ɗaura ta a wuyan fasasshiyar kwalba don kada ta taɓa itace. Saura muka naɗa a bututu, layi kusa da layi, ba a yarda ɗaya ya hau ɗaya ba. Kawu na ƙirgawa da ƙarfi, wanda ya yi masa magana a tsakiya ya sha ranƙwashi. Da aka gama ya sa reza ya kankare fentin wayar a tsaye, layi guda, ya yanko siririn ƙarfe daga gwangwanin sardin ya kafa shi da ƙusa yadda bakinsa zai riƙa goga wurin da aka kankare. Wannan shi ne abin canza tasha. Abin sa wa a kunne kuwa daga kan wata tsohuwar wayar tarho ya ciro shi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne da ya aike ni wajen mai koli in sayo kwalli, wanda ba a daka ba. Ya fasa dutsen da guduma, ya zaɓi ɓangaren da ya fi sheƙi, ya matse shi cikin murfin kwalba, sannan ya lanƙwasa wata waya siririya kamar gashin wutsiyar doki ya ɗora bakinta a kai. Sai da na girma na san cewa kwallin da iyayenmu mata ke zizarawa a ido yawancinsa shi ne dutsen da Turawa ke kira galena, kuma da sunansa Faransawa ke kiran irin wannan rediyo. Wani masani a Kalkata, Jagadish Chandra Bose, ya sami takardar mallakar fasahar kama igiyar iska da wannan dutse tun 1904. Sojojin da suka maƙale a ramuka a Anziyo ta Italiya a 1944 ba su da shi, sai suka yi da reza da bakin fensir. Mu kuwa ga shi a tandun kowace tsohuwa.

Saura ƙasa. Rairayin Dallol Boso da rani busasshe ne ƙayau, in ka kafa ƙarfe a cikinsa kamar ka rataye shi ne a iska. Sai Kawu ya kafa wani tsohon ƙarfen gado a gindin randa, inda ɗigon ruwa ke sauka, ya ce kullum da magariba a zuba masa moɗa guda. Inna ta yi faɗa, ta ce a shekarar da mutum ke auna ruwan alwala mu ƙarfe muke shayarwa. Daren farko ba mu ji komai ba. Na biyu ma haka. Wahalar tana wajen dutsen: ba ko'ina a jikinsa ke amsawa ba, sai ka yi ta tsikara da bakin wayar kana riƙe numfashi, in ka samu wurin kuma wani ya taka ƙasa da ƙarfi ya ɓace. A dare na uku na ga Kawu ya daskare, ya ɗaga yatsa. Ya miƙo mini. Can ƙasa-ƙasa, kamar mutum na magana daga cikin rijiya, na ji wani yana karanta labarai da Faransanci.

Kakarmu ta ƙi ko kusantar wurin. Ba ta tsoron rediyon kanti, wannan ta san ana ba shi dutse ya ci. Wanda ba ya ci ba ya sha amma yana magana, shi ne ba ta yarda da shi ba. Ta ce wa Kawu, "Kai, mi kaka kira muna cikin gida?" Ya ce, "Inna, iska ce kawai." Ta ce, "To ai abin da nika faɗi ke nan." Ba za a ga laifinta ba. Tana yarinya, wajen 1925, aka fara Babule a ƙasar nan, lokacin da wata mata mai suna Shibbo ta Cikal da mutanenta suka riƙa hawan iskoki masu muƙaman sojan Nasara, har kumandan Kurkushiya ya kama su ya kulle. Wadda ta ga wannan da idonta, in ka ce mata ka kamo muryar Bature daga iska, ai ba sabon labari ka kawo mata ba.

Bayanin da Kawu ya yi mana gajere ne, kuma har yau ban sami wanda ya fi shi ba. Tashar matsakaicin zango tana kaɗa igiyarta sau 530,000 zuwa 1,600,000 a daƙiƙa ɗaya. Wayar da ke sama tana tsintar ɗan abin da ya iso, naɗin yana tankaɗe shi ya bar tasha guda, dutsen kwalli kuma ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya: wutar da ke kai da komo sai ya bar mai tafiya ya tare mai dawowa, abin da ya rage shi ne siffar muryar. Duk ƙarfin da ke motsa abin kunnen daga tashar ya zo. Namu babu ko ɗigo. Yamai tana da nisan kilomita 180 daga gare mu, da rana da ƙyar ake jin wani abu, amma in dare ya yi sama takan zama kamar madubi, ta maido da igiyoyin ƙasa, sai Larabci ya kwararo daga arewa, Hausar Kaduna ta taso daga kudu maso gabas, su haɗu su cakuɗe, ɗaya ya nutse ɗaya ya taso. Akwai kuma wani hali nasa da na daɗe ban lura da shi ba. Rediyo mai batir in tasha ta rufe yakan ci gaba da shuuu, ka san yana nan. Namu ba ya haka. Mai magana na yin sallama sai ya koma bututu da waya da dutse, shiru ɗif, ba ka bambanta shi da wanda ya lalace.

Kunne ɗaya ne, mu huɗu, sai muka yi doka: kowa ya saurara sauran su ƙirga ɗari. Mai saurare yakan rantse an yi masa sauri, masu jira su rantse sun ja. An yi dambe a kan wannan ƙirga fiye da sau ɗaya. Amma akwai lokacin da ba mai taɓa abin kunnen sai Kawu, lokacin sanarwa. Iyalan wane a gari kaza suna sanar da rasuwar mahaifinsu, za a yi sadakar uku ran kaza, ta arba'in ran kaza. Mu dai muna ganin ɓata dare ne, ga waƙa can a wata tashar. Wata rana na ce, "Kawu, mutanen nan ai ba ka san su ba." Bai cire abin daga kunne ba ya ce, "Ɗana, ina jin ko an kai ga layinmu." Na yi dariya, don na ɗauka zancen rabon tallafin hatsi yake.

Muryar da ta fi kowace cika iska a shekarun nan ta Seyni Kunce ce. Ɗan ƙasarmu ne, daga Fandu, nan kudu da mu. Tun da ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, in zai yi jawabi gari kan yi tsit, ma'aikaci a ofis yana jin tarinsa ta rediyo sai ya gyara zama. Ran 10 ga Nuwamba 1987 ya rasu a wani asibiti a Paris, yana da shekara 56, aka kawo shi Fandu aka rufe. Lokacin duwatsu sun dawo kasuwa, rumfar Kawu ta cika, a nan aka taru aka ji. Ba wanda ya yi magana sai wani tsoho da ya ce ashe shi ma ana iya ce masa tashi ya tashi. Bayan ƴan kwanaki wata muryar ce a wurin, ta Ali Saibu, a kan mita ɗaya, a sa'a ɗaya, mai gabatarwa ma bai canza ba.

A hunturun nan ne Kawu ya ce na isa in yi na gaske, mai taransista biyu da ƙaramar lasifika, wanda gida duka za su ji ba sai an yi layi ba. Ya ce naɗin shi zai yi mini da hannunsa, don nawa yakan yi sako-sako. Ranar Alhamis ce. Ya kai 47 aka kira la'asar, ya ɗiga ƙaro, ya ce hasken ya yi ƙasa, gobe bayan an sauko daga masallaci ma ƙarasa. Da dare ya ce ƙirjinsa ya riƙe, aka dafa masa saiwa ya sha ya kwanta. Kafin asalatu an aiko a tashe mu. Ya je masallacin Juma'ar kuwa, a kafaɗar mutane.

Aka rubuta takarda aka ba direban motar Yamai da kuɗin sanarwa, saboda ƴan'uwa da ke nesa da abokan zamansa na Kurmi. Daren da za a karanta muka kewaye rediyon maƙwabci. An karanta na wani daga Dogon Dutse, an karanta na wata daga Tawa, sai ga sunansa da na mahaifinsa da na unguwarmu. Mutumin da ya yi shekaru goma sha takwas yana buɗe cikin rediyon ƙasar Kurfai, da tafiyarsa Kumasi da dawowarsa da bashin da ake binsa da wanda yake bi, duka bai cika minti ɗaya ba. Ko ɗarin da muke ƙirga wa juna ba a kai ba. Mai karantawa ya ce Allah ya jiƙansa, ya juya takarda.

Daga baya na yi karatu na san masu abin. James Maxwell, wanda ya lissafa cewa igiyoyin nan suna nan tun ba a gan su ba, ya mutu a 1879 yana da shekara 48. Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da su a ɗakin gwaji, wanda har yau da sunansa ake auna tasha, ya mutu ranar farko ta 1894 yana ɗan 36, bai taɓa jin muryar mutum ta rediyo ba. Marconi ya ga duniya, ya tsallakar da saƙo Tekun Atalantika a 1901, ya yi suna ya yi dukiya, da ya mutu a watan Yulin 1937 tashoshi suka yi masa shirun minti biyu suka ci gaba da shirye-shiryensu. Su kansu tashoshin ba su tsira ba. Rediyon Mosko da ke zuba Hausa da dare, ƙasar da ta kafa shi ta watse a 1991. Muryar Amurka da ta fara Hausa a 1979, wadda muke gani kamar dutsen da ba ya motsi, aka wayi gari a watan Maris na 2025 ta ɗauke.

Rediyo yana da wata yaudara, ni ma ta ci ni. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, amma ka murɗa yanzu ka ji su garau, da tarinsu da dariyar ƴan amshi, sai zuciya ta riƙa ɗauka cewa mutuwa wani ɗan rage sauti ne. Je ka tambayi iyalansu. Mu huɗun nan da muka yi dambe a kan ƙirga, ɗan liman sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar 1995, ya bar mata da ciki. Bazabarmen ya tafi Libiya, saƙo ya zo, gawa ba ta zo ba. Saura ni da taubashina, kuma da kunya nake faɗa, mun yi shekara shida ba ma gaisawa a kan iyakar wata gona da ba ta ba da dami ashirin. Kowannenmu yana cewa bari a sha ruwa, bari Sallah ta zo, bari a haɗu wajen wani suna. Abin da ya kai ni ƙofarsa labari ne da na ji a watan Maris na 2021, na mutum 58 da aka tare aka kashe suna dawowa daga kasuwar Banibangu. Kowannensu ya sayo wani abu da zai yi amfani da shi washegari.

Yanzu ni ne mai hana yara surutu in an fara sanarwa, kuma abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda sunayen suka daina zama baƙi. Wannan ajinmu ɗaya. Wancan shi ya sayar mini da babur. Waccan an taɓa maganar aurenmu. Ɗan'uwa, ba sai na tsorata ka da kabari ba, malamai sun yi wannan kuma sun fi ni sani. Tambaya ɗaya nake yi wa kaina nake kuma yi maka: me ka ɗiga wa ƙaro ka ajiye? Jika biyar ɗin da ka ranta tun bara wadda mai ita ke jin nauyin tambaya, ramuwar azumin da ake ta turawa gaba, gyatumar da ke ƙauye da kake cewa sai hanya ta yi kyau, kalmar da ka faɗa wa matarka gaban mutane ba ka janye ba. Ba wanda ya ƙi yi. Kowa cewa yake hasken yau ya yi ƙasa. Kawu mutumin kirki ne, mai salla a kan lokaci, amma sai da muka yi wata biyu muna neman masu rediyo bakwai da muka tarar a akwatinsa, don a kansa kaɗai ya rubuta wane ne mai wanne.

Bana da hunturu na je gida, jikan taubashina, yaro ɗan shekara goma sha biyu da ba ya rabuwa da wayar hannu, ya ci karo da gwangwanin. Na ba shi labari, ban yi zaton zai damu ba, sai ya ce a ƙarasa. Na yi jim. Sannan na ɗiga ruwan ɗumi a kan ƙaron ya saki. Na gaya masa tun da wuri kada ya sa rai da yawa: gawon an sare, tashoshin gari duk sun koma FM wadda dutsen kwalli ba ya kamawa, sai dai in dare ya kawo mana wani daga nesa. Ya ce ya ji. Ya riƙe bututun, ni ina sakar masa waya daga karan, yana ƙirgawa da ƙarfi, 48, 49, hannunsa ya fi nawa tsabta a aikin. A 71 bakin wayar ya zame daga yatsuna. Iyakarta ke nan. Ashe ko an kai goben, abin da Kawu ya tanada ba zai kai 90 ba.

Yaron ya dube ni ya ce, "Kaka, ina za mu samu sauran?" An riga an yi isha'i, sanyi ya sauko, gwiwata na ciwo. Na buɗe baki zan ce masa sai gobe. Sai na ce ya ɗauko tocila, akwai wata matacciyar fanka a ɗakin ajiya.